Albam Ɗin Biki: Ado Ne Ko Shaida?

Mai karatu, in akwai albam ɗin biki a gidanku, na yaya ne ko na gwaggo, kusan zan iya gaya maka abin da ke shafin farko tun ban gani ba. Amarya ce a zaune a bakin gado ta sunkuyar da kai, ango a gefenta cikin babbar riga yana ta cin magani kamar wanda aka yi wa dole, a bayansu kuma kabet ne shaƙe da kwanuka suna ɗaukar ido. Ƙasa kaɗan an manna katin gayyata, wataƙila har da ɗan guntun atamfar da 'yan mata suka yi anko da ita. To abin da nake so mu tauna ni da kai a wannan wata shi ne, wannan shafi ado ne kawai aka yi don ido ya ji daɗi, ko kuwa shaida ce a kan abin da ya faru? Domin in ado ne, ba wanda zai ga laifin wanda ya ƙara ko ya rage. In kuwa shaida ce, to duk wanda ya zauna ya tsara shi ya ɗauki amana ke nan, ita kuwa amana ana iya cin ta.

Na san wani zai ce, haba malam, duk matsalolin da suka dami al'umma ka rasa abin yin rubutu sai hoton biki? Yi haƙuri ka biyo ni. Aure nawa ne aka yi rigima a cikinsa saboda hoto ɗaya da aka tsinta a ƙasan akwati? Yara nawa ne suka girma ba su san kamannin uwarsu ba saboda wani ya fusata rana ɗaya ya ɗauko reza?

Bari mu bar birni mu tafi Tsanyawa, don a can ne abin ya fi fitowa fili. In ka kama hanyar Katsina daga Kano, ka wuce Bichi, kafin ka shiga ƙasar Katsina sai ka ratsa ta. Matafiyi ba ya ganin komai sai bakin titi da masu talla, amma a bayan titin nan akwai garuruwa irin su 'Yankamaye da Gurun da Tatsan da Daddarawa da Kabagiwa, kuma tsakanin wannan gari da wancan da wuya ka sami abin da za ka kira daji. Gona ce take jingine da gona, kowa ya san iyakarsa, kowace shekara ana kai taki ana noma wuri ɗaya, gero da dawa da wake da gyaɗa. A irin wannan wuri yawancin bukukuwa sai da kaka ake yin su, lokacin da amfanin gona ya zo gida. Gadon nan da amarya ta zauna a bakinsa aka ɗauke ta hoto, buhunan gero ne da na gyaɗa suka koma katako. Kwanukan da ke bayanta kuwa, awakin uwarta ne da ta yi shekaru tana kiwo, da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da adashi, da tallar da ita yarinyar ta riƙa ɗauka tun tana 'yar ƙarama. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya fito a hoton, alhali su ne suka yi hoton.

Kai, ni a ganina tun kafin kyamara ta zo ƙasar Hausa matanmu suna da nasu albam ɗin, shi ne jere. Ka tuna ɗakin amarya na da, yadda ake jera tasoshi da langa-langa da kwalla da kumbo tun daga ƙasa har kusan rufi, daga baya samira ta shigo, sannan tangaran da kuloli. Baƙo yana ganin ado ne. Mai ɗakin kuwa karatu take yi a jikin bangon nan. Ta san wannan saitin gwaggonta ce ta kawo daga Kano, wancan kakarta ta sayar da tunkiya ta saya, wannan kuma ƙawar uwarta ce ta rama bikin da aka yi mata shekara goma da suka wuce. Kowane kwano da sunan mutum a kansa ko da ba a rubuta ba. Matan da suke zuwa yin jere, su ne masu tsara shafi na farko, kuma sun san dokar aikin: mai kyau a sa shi a gaba, mai tabo a juya tabon ya kalli bango. Ba wanda ya taɓa ce musu maƙaryata. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da mai hoto ya fara shiga ƙauye, a kan keke ko babur yake zuwa da kyamara rataye a wuya, fim ɗinsa kuma hoto 24 ne ko 36, ba ƙari. Ya gama ɗauka sai ya kai Kano a wanke, a jira mako ɗaya ko biyu, in aka yi rashin sa'a ya dawo ya ce fim ya ƙone, shi ke nan biki ya tafi ba shaida. Wannan ƙarancin shi ya sa kowane hoto sai an yi shawara a kansa. Ɗaya na ango da abokai, ɗaya na amarya da babbar ƙawa, ɗaya na 'yan kamu, ɗaya na gado da kabet. Ba a ɓarnatar da fim a kan wanda ba a ga ya isa ba. Ashe tun kafin a zo maganar manna hoto a shafi, an riga an yanke hukuncin wa za a tuna da shi, wa za a bari lokaci ya share.

Su wa ake bari? Duba da kyau. Matan da suka kwana a gindin murhu suna tuƙa tuwon ɗaruruwan mutane, hayaƙi ya rine musu ido, ba sa cikin albam, don ba su yi kwalliya ba lokacin da mai hoto ya zo. Yaran da suka yini suna jido ruwa daga rijiya ba sa ciki. Uban amarya sau da yawa ba ya ciki, domin ko ɗaurin auren ma wansa ko ƙaninsa ya wakilta ya bayar da ita, shi yana can gefe yana karɓar barka. Uwa kuwa, musamman in 'yar fari ce ake aurarwa, kunya ba ta barin ta ta tsaya gaban kyamara kusa da 'yar da ko sunanta ba ta faɗa. Sai ka ga albam cike da 'yan matan da bayan shekara biyar amarya ba ta ma san inda suke aure ba, amma mutum biyun da suka tsiyata kansu don a yi bikin babu ko inuwarsu. Wannan ba laifin kowa ba ne, al'ada ce mai kyau ta haifar da shi. Sai dai jikan da zai buɗe albam ɗin nan gaba bai san da wannan ba, abin da ya gani shi zai ɗauka.

To yanzu mu zo kan ainihin tambayar. Barin abu a waje ƙarya ne?

Ni dai ina ganin akwai rata mai faɗi tsakanin rufin asiri da ƙarya, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin ratar. In an yi cacar baki tsakanin dangin ango da na amarya a kan gara, wai buhun shinkafa bai cika ba, ba dole ba ne a rubuta wannan a shafi. In amarya ta yi zazzaɓi ranar sa lalle ta rame, aka zaɓi hoton da ta fi kyan gani, ba a cuci kowa ba. Wannan shi ne juya tabon kwano ya kalli bango. Kwanon nata ne, tabon ma nata ne, tana da ikon ta ɓoye shi. Inda abin yake canzawa shi ne ranar da aka aro kwanon maƙwabciya aka jera, aka ɗauki hoto, da dare aka mayar mata da abinta. Ana yi, kuma kai ma ka san ana yi: aron kujeru, aron talabijin, aron sarƙar gwal, har aron mota a tsaya a jikinta. Wanda ya ɓoye tabo ya rage wa mai kallo wani abu ne daga gaskiya. Wanda ya yi aro kuwa ya ƙirƙiro abin da babu ya ce akwai, kuma cutarwar ba a kan mai kallo kaɗai take tsayawa ba. Ƙanwar amarya tana kallon hoton nan, ranar nata bikin za ta ce sai an yi mata irin na yaya, uban ya jinginar da gonar da ita ce abincin gidan don ya kamo wani abu da tun asali bai taɓa wanzuwa ba.

Haka nan gyaran fuska. A da iyakaci hoda da jan baki da gazal. Yanzu mai kwalliya ta yi nata, mai hoto ya hau kwamfuta ya yi nasa, baƙar yarinya kyakkyawa ta koma fara sol, hanci ya ƙara tsawo, har kakarta ta karɓi hoton ta juya shi ta ce wannan kuma 'yar gidan wa ce? Ana dariya a wuce. Amma ka yi tunanin abin da aka gaya wa yarinyar ba da baki ba: a ranar da ta fi kowace rana daraja a rayuwarki, fuskar da Allah ya ba ki ba ta isa a ajiye ta ba. Ɗiyarta kuma da za ta ɗauko kamanninta sak, za ta girma tana duban hoton wata farar mata ana ce mata uwarta ce.

Akwai hoto guda da ya fi ba ni wahalar yanke hukunci, shi ne na uwargida. Ka san shi: ango a tsakiya, amarya a dama, uwargida a hagu cikin sabuwar shadda ko leshin da aka yi mata na faɗar kishiya, tana murmushi. Duk wanda ya san mata ya san abin da ke ƙarƙashin murmushin nan. To ƙarya ta yi? Na daɗe ina juya wannan, kuma inda na tsaya shi ne ba ƙarya ba ce, kara ce, ita kuwa kara aiki ne da mutum yake yi da gaske ko da zuciyarsa tana ƙuna. Hoton shaida ne cewa a ranar ta danne abin da ke ranta ta fito ta rufa wa mijinta asiri a gaban jama'a. Abin da ba na yarda da shi shi ne a tilasta mata, a ce sai ta fito don mutane su ce gidan Alhaji lafiya lau. In ta ce a ƙyale ta, a ƙyale ta. Haka kuma kukan amarya. Kowace amarya tana kuka ranar da za a kai ta, al'ada ce, kuma rabuwa da gida ba wasa ba. Sai dai akwai kukan da duk wanda yake wurin ya san ba na rabuwa da gida ba ne, na wadda aka ba wanda ba ta so ne. Kyamara ba ta iya bambance su. Mai tsara shafi ya sani, kuma in ya rubuta wata kalmar soyayya a ƙarƙashin irin wannan hoto, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka yi mata dolen.

Mu masu kallon fim da karatun littattafai muna da namu kason a wannan al'amari, gara mu faɗa wa kanmu. Daga ina aka koyo tsayuwar nan ta ango ya dafa kafaɗar amarya suna kallon sama, ko a tafi gindin bishiya a jingina? Ba daga kakanninmu ba. Finafinan Indiya suka koya wa namu, namu suka koya wa masu hoto. Wanda ya kalli Hum Aapke Hain Koun na 1994, na su Salman Khan da Madhuri Dixit, ya san fiye da awa uku ne da waƙoƙi 14 da kusan duk a kan shagalin biki suke. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, finafinan Hausa nawa ne suka ƙare a daidai lokacin da aka shafa fatiha, kamar dai daga nan babu sauran labari? Littattafan soyayya kuma sai marubuciya ta cinye shafi biyar tana lissafa akwatunan lefe da abin da ke cikin kowanne. Albam ɗin biki ɗan wannan gida ne, shi ma a ranar farko yake tsayawa. Shi ya sa nake ganin girman abin da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, da ta fara labarin Rabi bayan ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, lokacin da kwanukan jere suka daɗe da yin tsatsa, shi kuma ya hango wata. Wannan shi ne shafin da ba mai hoton da ake gayyata ya ɗauka.

Ke 'yar'uwa da ake shirin bikinki da kakar nan, ko ke ƙawar amarya da aka ɗora wa aikin haɗa albam, ga shawarata, in kin ga dama ki ɗauka. Hoto ba ya magana, don haka ki sa masa baki. Ki rubuta ranar da aka ɗaura auren, ta Musulunci da ta boko, da masallacin ko ƙofar gidan da aka ɗaura, da sunan limamin, da waliyyi da wakili, da sadakin da aka ambata, da ko lakadan ne ko ajalan. Kada ki ga kamar wannan ya yi kama da takardar kotu. Ranar da magana ta kai gaban alƙali, Allah ya kiyaye, musamman in ta kai ga hul'i inda ake maganar mayar da sadaki, ba wanda zai tambayi launin anko, nawa aka bayar kuma su wa suka shaida za a tambaya, a lokacin kuwa wasu shaidun sun rasu, wasu sun manta. Littafin nan da ake ba wata yarinya 'yar makaranta ta zauna tana rubuta gudunmawa, wance dubu biyu, wance turmin atamfa, wance kwano biyar na gero, kada a yar da shi bayan biki. A wurina ya fi rabin hotunan daraja, domin shi ne yake nuna su wa suka tsaya wa gidanku. Ki matsa a ɗauki masu girki ko da ba su yi wanka ba. Ki lallaɓa inna a ɗauke ta ita kaɗai a ɗakinta in ba za ta tsaya da ke ba.

Sunaye kuma a bayan hoto da fensir ake rubuta su, biro yana huda takarda ya ɓullo ta gaba. Salatif yana yin ja ya ci hoto bayan 'yan shekaru. Albam mai leda in ya sha raɓar damina sai hoton ya manne, ki zo cirewa fuska ta biyo ledar. A ajiye shi sama, nesa da bangon ƙasa, saboda gara, ina nufin mai cin takarda ba wadda ake kai wa gidan ango ba. Sabuwar takardar kuɗin da aka yi liƙi da ita kuwa, da wasu suke mannawa don tarihi, ki sani sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, har da shi kansa liƙin, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun.

Wani zai ce ai duk wannan zancen da ne, yanzu wa yake wanke hoto? Gaskiya ne. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba masu kyamara suka biyo baya, har ta kai kamfanin Kodak na Amurka, wanda fim ɗinsa ya ɗauki bukukuwan duniya fiye da shekara ɗari, ya bayyana karyewar arzikinsa a watan Janairun 2012. Yau a bikin ƙauye ma sai a ɗauki hoto ɗari biyar. Amma ka tambayi wadda aka yi bikinta shekara bakwai da suka wuce ta nuna maka guda goma. Wayar ta faɗa rijiya, ko an sace a kasuwa, ko memori ya lalace. Mai hoto 36 ya fi ta abin nunawa.

Kuma ba ɓacewa ce babbar matsalar waya ba, yaɗuwa ce. Albam na takarda yana da mai tsaro. Yana cikin ɗakin mace, sai wanda ta yarda da shi take miƙa wa, tana zaune yana kallo, ya gama ta karɓe abinta. Matan auren da suka saki jiki a wurin kamu ko wuni, suka ajiye mayafi suka taka rawa, sun yi haka ne don sun san tsakanin mata ne. Yau wata yarinya tana gefe da waya, kafin magariba rawar matar wani tana yawo a WhatsApp da TikTok, mijin yana majalisa wani ya miƙo masa. An yi saki a kan wannan ba sau ɗaya ba. Ku masu bin harkar fim ba sai an tuna muku abin da ya faru a 2007 ba, lokacin da wani ɗan guntun bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya fita daga hannun masu shi, ya girgiza masana'antar gaba ɗaya har aka dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni. Darasin bai tsaya kan 'yan fim ba. Fuskar mutum tasa ce, zuwansa bikinki bai sa ta zama taki ba. Akwai kuma waɗanda ba sa yarda a ɗauke su hoto sam saboda fahimtarsu ta addini, tunda malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa. Wanda ya kauce wa kyamara a bar shi, kada a ɗauke shi ta sata a ce ai don tarihi ne. Sannan ga wani sabon dalili da mutanen wannan yanki suka fi kowa sani. Bayan hare-haren 'yan bindiga da satar mutane da aka yi a ƙauyukan Tsanyawa da Shanono a ƙarshen 2025, mai hankali zai yi tunani sau biyu kafin ya baza wa duniya hoton akwatuna da gwala-gwalai da ƙofar gidan da aka kai su.

Saura magana mafi nauyi, ita ce ta reza.

Na taɓa ganin wani albam a wani gida da kusan kowane shafi akwai rami a cikinsa. An bi fuskar mutum ɗaya an yanke ta tsaf, sai babbar riga da hannu a kan kafaɗar amarya, ba kai. Ba sai an gaya maka abin da ya faru ba. Mutuwar aure ba baƙon abu ba ce a ƙasar Kano, shi ya sa ma gwamnati ta hannun Hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa a 2012 da aure 100, aka yi 1,111 a ƙarshen 2013, aka kuma yi 1,800 a watan Oktoban 2023. Duk bazawarar da ta zauna a irin wannan layi tana da wani biki a bayanta, wataƙila da hotunansa. Ina suke? Wasu an ƙona, wasu an yayyaga, wasu sabon miji ya gani ya tayar da ƙura sai da aka fitar da su daga gidan. Namiji ma haka, amarya ta tare ta tarar da hoton wadda ta fita, ranar nan sai ya bar bango.

Ba zan yi saurin ganin laifin mai reza ba. Matar da aka doka, aka bar ta da yunwa, aka kore ta da tsakar dare da goyo, ba ni da bakin da zan ce mata dole ta ci gaba da kallon fuskar wanda ya yi mata haka. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wani lokaci mantuwa magani ce. Sabon miji ma da ba ya son ganin hoton wani ƙato kusa da matarsa, kishinsa ba hauka ba ne. In babu haihuwa a tsakani, hoton nasu ne su biyu, wadda ta ga ƙona shi ne zai ba ta barci ta ƙona.

Amma in akwai ɗa ko 'ya, hoton ya tashi daga na mutum biyu ya zama na mutum uku, kuma na ukun ba a yi shawara da shi ba. Shi bai saki kowa ba, ba a kuma sake shi ba. Yaron da ya tashi a hannun kishiyar uwa ko a gidan kaka, yana jin dangin uwa suna zagin ubansa, dangin uba suna zagin uwarsa, wannan hoton ne kaɗai abin da zai nuna masa cewa akwai ranar da mutanen nan biyu suka zauna kusa da juna, dangi suka taru suna murna, shi kuma daga wannan ranar ya fito. Wanda ya yanke fuskar ya hukunta tsohon miji ne a zuciyarsa, amma tsohon mijin bai ma san an yi ba, yaron ne zai buɗe ya ga rami. A cikin ayoyin da suka yi maganar saki a Suratul Baƙara, aya ta 237 ta hori masu rabuwa da kada su manta da alherin da ya gudana a tsakaninsu. Ban ce ayar a kan hoto ta sauka ba, amma ina ganin mai riƙe da reza ya kamata ya tuna da ita.

Dubi Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Aure huɗu ta yi, ba ta da hoton biki ko ɗaya, amma ta kawo mazajen nan ɗaya bayan ɗaya, wanda ta so da wanda ta zauna da shi don biyayya ga iyaye, ba ta goge kowa ba. Da ta cire waɗanda ba ta so, da labarin ya zama na wata mata daban.

Tsakanin rataye hoto a bango da cinna masa ashana akwai hanya ta uku, kuma tsofaffinmu sun san ta. A naɗe albam ɗin a tsohon zane, a kai gidan uwar matar, a sa a ƙasan adaka. Ita ba ta ganinsa, sabon miji ba ya ganinsa, ba a kuma taɓa ko shafi ɗaya ba. Yarinyar da aka rabu tana goye za ta girma, a sa mata rana, ƙawayenta su zo haɗa mata nata albam ɗin, wata daga cikinsu ta ce a kawo hoton bikin iyayenta a sa a shafin farko kamar yadda 'yan birni suke yi yanzu. A ranar ce kaka za ta tashi ta nemo mabuɗin adaka.